Ranar da Baba Ya Kira Sunanka

Daga ƙanenka Sani a Illela, zuwa ga Yaya Ummaru a Kumasi, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya fataucin goro? Mu nan sai godiya, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Mun kai Baba Sakkwato wurin likitan Nasara, a yi masa aikin gwaiwar nan. Aka yi masa allura, wai ta sa shi barci kafin a yanka. Ina barci! Sai ya zabura, ido jawur, yana fizge-fizge, mu huɗu muka kasa danne shi. Likita kansa bai zaci haka ba, ya fasa aikin.

Yaya, kai ne ɗan fari, bakin Baba bai taɓa furta sunanka ba. Ran nan sau uku ya kira "Ummaru!" yana kuka.

Mun dawo gida. Ya ce bai tuna komi ba, kuma ba ya komawa, ga kumburin kullum ƙaruwa yake. Na ce, "Baba, mi kake so?" Sai ya juya ya fuskanci bango.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida. Goro ya jira, Yaya. Ka taho ya gan ka.