Biza Ta Fito, Amma Na Ɓoye wa Matata Abin da Na Ji a Garo

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a yanke min hukunci a daure a karanta har ƙarshe. Ban zo wanke kaina ba.

Ni mutumin Sabon Birni ne ta Gwarzo. Shekara shida da gama digiri ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ina tura takardun neman aiki babu amsa, har Allah ya sa na samu gurbin ƙaro karatu na shekara huɗu a Malesiya, aka ce zan iya tafiya da iyalina. Matata 'yar Garo ce, a makaranta muka haɗu, shekararmu uku da aure, muna da 'ya ɗaya. Cikin takardun bizarta ana neman shaidar haihuwa, ita kuwa ba ta da ita, don a gida aka haife ta, mahaifiyarta ta rasu tun kafin suna. Kawunta ya ce ba zai rantse a kotu kan shekarar da bai tabbatar ba, in je in tambayi Inna, tsohuwar da ta shayar da ita. Ban taɓa ganin Inna ba, lokacin bikinmu tana Kudu wurin ɗanta.

Na je Garo na same ta tana ɓarar gyaɗa. Muna gaisawa ta ce, "Kai ne mai kai min 'ya ƙasar da ba tuwo?" Ta faɗa min shekarar, sannan ta ce, "Ɗan gidan wa kake a Sabon Birni? Ai can na yi auren fari." Na faɗi sunan mahaifina. Ta tafa hannu. "Tela? Kai ne jaririn nan mai kukan tsiya? Uwarka ta yi ciwon nono, gwaggonka ta riƙa kawo min kai safe da yamma har aka yi girbi. Ja'iri, ka kusa ƙarar da ni!" Tana dariya ina dariya. Sai dariyar ta tsaya mata. Ta ajiye faifan ta ce, "Innalillahi. Ɗan nan, nono ɗaya kuka sha."

Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa sai na bincika. Ta ce, "Je ka tambayi gwaggonka. Ni ba zan yaɗa ba, amma wanda duk ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba, ƙafata ɗaya tana kabari."

Wata biyar ke nan, kuma ban tambayi Gwaggo ba. Iyayena sun rasu, ita kaɗai ta rage da za ta iya cewa e ko a'a, gidanta kuma ko tafiyar minti goma bai kai ba daga namu. Me na yi maimakon haka? Na je kotun shari'a na karɓi takardar aure saboda biza, na tsaya gaban alƙali na ce matata ce ta halal. Na yi ta bincike a littattafai har na ga inda aka ce, in na fahimta daidai, shaidar mace ɗaya ba ta raba aure. Na riƙe wannan. Wataƙila tsufa ne, wataƙila wani telan take nufi. Amma wa nake ruɗa? Na san abin da ya hana ni zuwa wurin Gwaggo shi ne tsoron kada shaidu su zama biyu. Abin da ya fi ba ni kunya, wata biyun farko ban ƙaurace wa matata ba. Daga baya na kasa, na ce mata ba ni da lafiya. Rannan tana ninke kayan yarinya ta ce, "Malam, in ba ka son tafiya da ni ne ka faɗa min, kar ka kai ni ƙasar mutane ka riƙa kallona kamar baƙuwa." Na ce gajiya ce kawai.

Makon jiya biza ta fito, tata a matsayin matata. In na yi magana aka tabbatar, babu aure, babu tafiyarta, kuma yaya zan kalli 'yarmu? In na yi shiru muka tafi, shekara huɗu zan yi da mace a ɗaki ɗaya ban san ko ƙanwata ce ba, ita kuma tana ɗaukar abin da ba ta san da shi ba. Har na taɓa samun kaina ina lissafin cewa tsofaffin nan biyu ba lallai mu dawo mu same su ba. Astagfirullah. Wane irin mutum ne yake wannan tunani?

Yanzu ta ce ranar Juma'a za mu yi ban kwana, mu fara da Gwaggo, mu wuce Garo wurin Inna. Ta riga ta sayi turmin atamfa da za ta kai mata. Na rasa dalilin da zan hana ta, kuma ban ga hanyar da za mu fita lafiya ba.

Jama'a, yau Talata. Me zan yi?