Na Kasa Faɗa wa Mama Debbie

Anti Sadiyya, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai.

Ni mutumin Maraɗi ne, ina zaune a ƙasar waje, a garin Silver Spring, ina tuƙa motar raba kaya. Tun asuba nake fita, har Asabar da Lahadi. Shekara biyu ke nan da rasuwar matata, ta bar mini Mubina, yanzu shekararta huɗu. Gidajen renon yara na unguwarmu sai bakwai suke buɗewa, Asabar da Lahadi kuwa a rufe suke. Maƙwabciyata Mama Debbie, wata dattijuwa 'yar Jos, ita ta rufa mini asiri. Cikin bargo nake miƙa mata yarinyar tana barci. Ita ke mata kitso, ta dama mata kunun acca, har coci ta koma zuwa da yamma saboda mu. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba.

To yanzu gwamnati ta ba ni tallafin renon yara, na kuma samu wata mai lasisin reno a garin Takoma Park, kusa da mu, da ke karɓar yara tun biyar na safe. Gaskiya gwiwar Mama ta gaji. Watan jiya Mubina ta ruga wajen ajiye motoci, Mama ta kasa cim mata, sai wani mutum ne ya tare ta. Kwana goma ke nan takardar tallafin tana aljihuna. Duk sanda zan buɗe baki sai in tarar tana ɗaure wa yarinyar takalmi, in haɗiye maganar.

Uban Mubina

Uban Mubina, Allah ya jiƙan mai ɗakinka. Ka karɓi tallafin nan tun kafin wani ya riga ka gurbin. Abin da ya faru a wajen motoci ya ishe ka dalili, kuma ina zaton Mama ta fi ka tsorata ranar, kara ce kawai ta hana ta cewa ta gaji.

Nauyin da kake ji kuwa daidai ne. Wannan uwa ce, ba 'yar aiki ba ce da za a sallama. Ka je ka zauna da ita bayan ka tashi daga aiki, ka fara da godiya, kada ka ambaci gwiwa. Ka nuna mata takardar, ka roƙe ta ta raka ka gidan renon ta duba da idonta, ka nemi amincewarta. Sannan ka ware mata yamma ɗaya a mako, tata ce ita da jikarta.

Idan ta yi kuka, kada ka yi saurin ba ta haƙuri, ka bar ta ta yi. Allah ya raya Mubina, ya saka wa Mama da alheri.

Anti Sadiyya