Kyamarar da Za Ta Kama Hannun Yaya Babba

Zuwa ga Inna Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Umma da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa.

Inna, wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Kin rubuta cewa Umma ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ki kwantar da hankalinki ki yi aikinki." Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma wannan ba maganar Umma ba ce. Shekara ashirin da huɗu na yi ina kallon hannun matar nan. Kurma ce, amma duk gidanmu babu wanda ya kai ta surutu, kuma ban taɓa ganin ta yi magana mai laushi haka ba. Ko ruwa za ta ce in kawo, sai ta haɗa da cewa ina tafiya kamar agwagwa.

Ranar da na taho, juya mini baya ta yi ta ci gaba da taka keken ɗinkinta. Kin san idan Umma ta juya baya, magana ta ƙare. Yau shekara uku ke nan. Mun gwada waya, kin gani da idonki: hoto ya tsaya cak, yatsunta su koma kamar hayaƙi, ta harare mu ta tashi. Ba ta rubutu, maganar hannunta kuma ta gidanmu ce, babu mai gane ta sai mu.

Don Allah ki gaya mini gaskiya. Ta yafe mini tahowar da na yi, ko ba ta yafe ba? Rashin sanin nan ya fi komai ci mini rai.

'Yarki,
Nas

*

Zuwa ga 'yata,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya sa hannunki ya zama sanadin waraka ga bayinsa.

Kin kama ni, kuma na ji kunya. Tun muna riƙe da allo aka koya mana cewa saƙo amana ne, ba ƙari ba ragi. Ni kuwa na yi ragi, na yi ƙari. Yayata, uwarki, takan ɗauki kusan rabin awa tana magana a kanki, tana buga teburin keke, tana ɗaga gira, wani lokaci har zaren da ke wuyanta ya faɗi. Sai in zauna da biro in ga kina can ke kaɗai, in ce bari in sassauta. Da na sassauta, sai layi ɗaya ya rage. Niyyata alheri ce, amma niyya ba ta mai da ƙarya gaskiya. Na yi istigfari, ke ma ki yafe mini.

Tambayarki kuwa ba ni da amsarta. Na kai mata ita yadda kika rubuta, ban taɓa ko wasali ba. Ta dube ni ta ce, in kina son ji, ita za ta gaya miki, ba ni ba.

To ga abin da na yanke. Kwanan baya na shiga wajen maƙwabciyarmu, na tarar suna kallon jikanta a talabijin ranar da ya fara tafiya. Da kyamarar bidiyo suka ɗauka, irin wadda suke kira eci-di. Hoton tangaran, har gashin idon yaron ana ƙirgawa. Na ce a raina, abin da ya kama gashin ido ai zai kama yatsa. Na rubuta wa kawunki Auta, tunda shi ne masanin na'urori a gidan nan, ya zaɓo mana. In Allah ya yarda uwarki za ta yi miki magana da hannunta.

Innarki

*

Yaya Malama,

Gaisuwa da yawa. Ina Yaya Babba, uwar Nas? Ki ce mata autanta yana gaishe ta, kuma rigar da ta ɗinka mini ta matse ni, ba ƙiba na yi ba.

Ga kaya nan na ba direba. Yaya, kin zo wurin da ya dace. Shago huɗu na zaga kafin in tsaya a kan wannan. Tana jawo nesa kusa har ninki hamsin. Daga bakin shagon na karanta lambar motar da ke ƙarshen titi! Sannan makirfo ɗinta, ke dai bari. Biyar ne a jikinta, ko allura ta faɗi sai ta ɗauka. Mai shagon da kansa ya ce bai taɓa ganin wanda ya san kaya irina ba.

Ba sai kin taɓa komai ba, jan maɓallin nan kawai za ki danna. Na sa rasit a kwalin don suna da reshe a babban titinku kuma suna canja kaya cikin mako guda, amma ba za ki buƙace shi ba.

Naki,
Auta

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Kaya sun iso lafiya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Yaya Babba ta amsa gaisuwarka, ta ce rigar ba ta yi laifin komai ba.

Auta, kada ranka ya ɓaci. Ka saya wa kurma makirfo biyar.

Da na bayyana mata abin da suke yi, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Duk da haka mun gwada, don ba na son in yanke hukunci a kan abin da ban jarraba ba. Ka san ɗakin ɗinkinta: taga ɗaya, ƙwan fitila ɗaya, ga yadudduka sun cinye rabin wurin. Na ja da baya har na jingina da bango, amma kyamarar ba ta ɗauko ta gaba ɗaya ba. In fuska ta shiga, gwiwar hannu ta fita. Kai ma ka san rabin maganarta a gira take, rabi a kafaɗa. Da ta yi a hankali ana gane ta. Da ta ɗauki zafi kuwa, hannun ya zama kamar an shafa man shafawa a gilashi. Kuma maganar da za ta yi wa 'yarta ba ta a hankali ba ce.

Washegari da hantsi na ɗauki rasit, na ɗauki Yaya Babba, muka tafi reshen nasu.

Mai shagon mutumin kirki ne, dogon baki gare shi kamar kai. Ya fara jero mana masu jawo nesa da masu sauti kamar gidan rediyo. Na bari ya gama, sannan na ce, "Malam, wadda za ta yi maganar ba ta da murya, kuma ba nesa za ta tsaya ba." Na ce ina roƙon alfarma biyu. Ta farko, a kai mu wuri mai ƙarancin haske, don shagonsa fitila ta fi ashirin, kowace kyamara amarya ce a nan. Ta biyu, a bar ni in yi jarrabawa irin tawa.

Ya kai mu ɗakin ajiyar kaya a baya, matsattse, ƙwan fitila ɗaya a sama, kamar an ɗauko ɗakinmu. Akwai wani dattijo mai gyara a ciki da tabarau a kan hanci, ya matsa mana da akwatin sukurorinsa.

Ga yadda na tsara. Zan juya fuskata ga bango. Yaya Babba za ta faɗi abin da ta ga dama, da iyakar saurinta, mai shago yana ɗauka. Sannan a kunna a talabijin, in karanta da baki, in maimaita mata da hannu. In ta gyaɗa kai, kyamara ta ci. In ban gane ba, kyamara ta faɗi.

Ta farko ta faɗi, yatsu sun narke. Ta biyu ta yanke mata hannun hagu. Ta uku ta kama hannu amma ta baƙanta fuska, ba a ganin gira, na ce wannan kamar karatu ne ba wasali. Mai shago ya fara gumi, ya ce, "Hajiya, wannan ita ce babbarsu fa." Na ce, "Ba na musu, Malam, amma ban ji abin da ta ce ba."

Sai dattijon nan ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce matsalarmu ba girman hoto ba ce. Ya ce bidiyo hotuna ne ake jerawa da sauri, waɗannan talatin suke ɗauka a daƙiƙa, hannun baiwar Allah nan kuwa ya fi talatin gudu. A nemo mai ɗaukar sittin, mai faɗin ido, mai haƙuri da duhu. Ya miƙe da kansa ya jawo wata daga can ƙasan kanta. Ƙarama ce, baƙa, ba ta da wani kwarjini. Ɗan gilashinta yana juyowa gaba, mai magana ya riƙa ganin kansa. Da Yaya Babba ta ga fuskarta a ciki sai ta gyara ɗankwali, ta matsa dama kaɗan ba tare da kowa ya gaya mata ba.

Na juya ga bango. Ina jin ƙarar awarwaronta kawai, kacau-kacau, na san ta sake hannu sosai. Aka kunna.

Auta, kowane yatsa a wurinsa. Har 'yar hular ƙarfen ɗinkin da ke ɗan yatsanta na tsakiya ina gani. Na gane maganar tun daga farko har ƙarshe, sai dai da na gane, na so ƙasa ta tsage in shige. Mai shago ya ce, "Hajiya, me ta ce?" Lokacin ma'aikatansa biyu da wasu masu sayayya sun cika bakin ƙofa. Na tuna na yi wa Allah alkawari ba zan ƙara sassauta maganarta ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ka yi haƙuri, saƙo ne. Ta ce wandonka ya fi ƙafarka tsawo da yatsa uku, kuma wanda ya ɗinka maka aljihun nan bai ji tsoron Allah ba."

Wurin ya fashe da dariya. Dattijo har da cire tabarau yana share ido. Na maimaita mata da hannu, ta gyaɗa kai da ƙarfi, ta ɗaga hannuna sama kamar na ci dambe. Mai shago ya dubi wandonsa, ya dube ta, ya ce, "Wallahi gaskiya ta faɗa. A tambaye ta ina shagonta yake." Ya canja mana nan take, ya haɗa mana da sanda mai ƙafa uku ta ɗora kyamara.

A hanya Yaya Babba ba ta bar ni na riƙe kwalin ba.

Kada ka ji komai, kai ka buɗe ƙofar. Ta ce in gaya maka, in ka zo, za ta ɗauke ka kana cin abinci don ka ga inda rigar take matsewa.

Yayarka,
Malama

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. A cikin ambulan ɗin nan akwai ɗan memori na kyamara a naɗe cikin ƙyalle, ki buɗe a hankali.

Jiya bayan la'asar na kafa wa uwarki kyamarar a gaban keke, na danna maɓalli, na fita na ja ƙofa. Na zauna a tsakar gida ina jan carbi. Ta yi minti arba'in da ɗaya. Da ta fito, ta wuce ni ta je ta wanke fuska, ni kuwa ban tambaye ta ba. Ban kalla ba, kuma ba zan kalla ba. Na dai sa dattijon shagon ya duba daƙiƙar farko ya tabbatar mini kyamarar ta ɗauka, shi kuwa ba ya jin maganarmu.

Ban san abin da ke ciki ba. Ko daɗi ko ɗaci, na uwarki ne. Allah ya daidaita tsakaninku.

Innarki

*

Inna,

Amin wa alaikumus salam. Ya iso. Na kalla, na sake kalla.

Minti talatin faɗa take yi mini. Ba ta bar komai ba, har kofin da na fasa ina 'yar shekara tara. Ina kuka ina dariya, abokiyar zamana ta ɗauka na zautu. Wannan ita ce Ummata.

Sauran minti goma sha ɗayan kuwa, ki yi haƙuri, tsakanina da ita ne.

Ki rubuto mini sunan kyamarar harafi-harafi yadda yake a kwali, kada ki bi ta wajen Kawu. Kuma kada ki gaya wa Umma komai daga wannan wasiƙa. Ki ce mata kawai ta share talabijin, amsa tana tafe.

'Yarki,
Nas