Ɗakin da Ke Zamewa a Bayan Motar Kakana

Anti Marlys, don Allah ki taimake ni kafin Asabar, ranar da za mu yi tafiya. Shekarata goma sha shida, kuma ban iya yi wa manya magana ba.

Kakana Orval yana da ɗakin kwana irin wanda ake zurawa a bayan a-kori-kura. Kowace bazara da shi muke hawa dutse zuwa tafkin Seeley kamun kifi. Bana ya canza mota. Tsohuwar tana da ƙarafa huɗu a ƙarƙashi inda ake maƙala sarƙoƙin ɗakin, wannan ba ta da su. Sai ya maƙala su a ƙananan zobban cikin bodi, waɗanda ake ɗaure buhun abincin kare da su.

Shekaranjiya muka je shan mai. Da muka dawo na ga ɗakin ya ja baya, har tafin hannuna yana shiga tsakaninsa da bangon gaban bodin. Zobe ɗaya ya lanƙwashe. Na nuna masa a hankali, sai ya yi dariya, wai Malama Farfesa ta zo koya masa ɗaurin kaya, shi da ya fara tun uwata tana rarrafe. A aji ma yau ban fahimci komai ba, hanyar dutsen nan mai kwana-kwana kawai nake gani.

Da kakata tana da rai, ita ke sa shi ya tsaya bayan mil hamsin, ta zagaya ta girgiza kowace sarƙa. Ita kaɗai yake ji.

Mama kuwa ta rantse in ya sake yin kuskure ɗaya a mota, za ta karɓe makullansa. In na faɗa mata, na raba shi da tafkinsa. In na ja bakina, ƙanwata ma tana cikin tafiyar. Yaya zan yi?

Mai Zullumi, Missoula

*

'Yata, idonki bai yaudare ki ba. Zobban nan a jikin fallen ƙarfe marar kauri suke, ba za su riƙe ɗaki mai nauyin doki biyu ba. Sarƙa huɗu a ƙashin motar ake kafa su, a shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a ƙasa, a ɗaure daidai ba har katakon ɗakin ya yi ƙara ba. Aikin yini ɗaya ne a gareji.

Kakanki ba ruɗewa ya yi ba. Shekara arba'in akwai mai duba masa, yanzu babu, ga kuma 'yarsa tana ƙirga masa kurakurai. Mahaifiyarki ma tsoro ne ke sa ta faɗa.

Ki same shi shi kaɗai gobe. Kada ki kawo masa karatu, ki kama hannunsa ki ɗora a kan zoben da ya lanƙwashe. Ki ce kina so ki gaji aikin kakarki, kuma ba za ki shiga motar ba, ke da ƙanwarki, sai an gyara. Ko muryarki ta yi rawa, ba komai.

In Juma'a ta yi bai kai ta gareji ba, ki faɗa wa Mama. Gara ya yi fushi da ke yana zaune lafiya a gida. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kai ku tafki lafiya.

Anti Marlys