Aljihun Rigar Garzali

Kurna, Kano

Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban Imran da yara. Inna tana gaishe ku. Ƙafar ta yi sauƙi, baccin ne har yanzu sai a hankali. Na ba direban motar Maiduguri wannan takarda ne saboda maganar ba ta waya ba ce. Kin san ɗaki ɗaya muke kwana da Inna, kuma kunnenta ya fi idonta lafiya.

Wata ƙawata ta turo mini hotunan baje kolin ɗinki da aka yi a GRA, nan wajenku Maiduguri. A ciki akwai wani ƙaton bargo da wata Malama Ketura ta haɗa da ƙyallaye, ta kira shi Hanyar Baga. Shuɗi a sama shi ne tafki, ruwan ƙasa shi ne rairayi, hanya ta ratsa ta tsakiya har Maiduguri. An rubuta a ƙasa cewa kowane ƙyalle daga jikin tufar da wani ya gudo da ita aka yanko. Waɗanda suka iso da rai suna tsakiya, waɗanda suka rasu a hanya suna kan baƙin yadin da ya kewaye gefe.

Yaya, aljihun rigar Yaya Garzali yana cikin bargon nan. Shuɗiyar shaddar da ya saka ranar da ya tafi Baga saro banda. Kada ki ce idona ne ya yi mini gizo. Ni na ƙona aljihun da dutsen guga na gawayi, ni na rufe ƙunar da ɗan koren ganye na zaren hula, har ya ce ganyen ya fi kama da kunnen akuya. Na ƙara girman hoton har ya dishe. Kuma a tsakiya yake, ba a gefe ba.

Ke kike Hausari, keke ɗaya ne tsakaninki da matar nan. Ki je ki tambaye ta wa ya kawo mata. Ban faɗa wa Inna ba tukuna.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Khairunnisa

Hausari, Maiduguri

Khairi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da sauƙin ƙafar Inna. Mu ma lafiya lau, sai zafi da rashin wuta. Na ba direba turaren wuta da humra, ki ba Inna nata kafin ki kwashe mai kyaun, na san halinki.

Maganar bargo kuwa, ki kwantar da hankalinki. Shuɗiyar shadda ta cika Kasuwar Monday, kuma ba ke kaɗai Allah ya koya wa ɗinka ganye ba. Tun kina ƙarama haka kike, ki ga keyar mutum a kasuwa ki rantse kin san kakarsa. Ni ba ni da lokacin yawon GRA, ga yara ga sana'a.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada hoton nan ya kai idon Inna. Kin san hawan jininta. Ki goge shi ma, ya fi.

Allah ya bar zumunci.
Yayarki, Hassana

Kurna, Kano

Zuwa ga Malama Ketura,

Ina gaishe ki da aiki, ina kuma neman afuwar rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Sunana Khairunnisa. Yayana Garzali ya ɓace tun shekarar da aka watse daga Baga, ba gawa ba labari. Mahaifiyarmu har yau ba ta yarda a yi masa sadakar mamaci ba, kuma duk wanda ya ce daga Borno yake sai ta tsare shi da tambaya. Aljihun rigarsa, mai koren ganye, yana tsakiyar bargonki.

Zan gaya miki abin da ke raina ba ɓoye-ɓoye. Da farko ke na zarga. Na ce wataƙila gwanjo kike saye ki yayyanka, ki laƙa wa kowane ƙyalle labari don masu kallo su ji tausayi. Idan haka ne ki faɗa mini, zan haƙura.

Amma yanzu yayata Hassana nake zargi. Na rubuta mata, ta amsa mini da zancen zafi da humra. Matar da ta bi sansanin 'yan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya da hotonsa a hannu, yau ita ce ba ta da lokacin hawa keke zuwa GRA? Da na zauna na yi tunani sai na ga tun bara ta daina neman. Ta daina ambaton sunansa. Sallar bara ba ta zo Kano ba, in ta kira Inna kuma minti biyu ta ce kati ya ƙare. Maƙwabciyarta Rumaisa'u ta shaida mini duk Juma'a tana dafa abinci cikin babbar kula, ta shiga keke, ba wanda ya san inda take kaiwa.

Na san yadda ake kallon waɗanda suka dawo daga daji. Idan Yaya Garzali yana cikinsu, kuma kunya ce ta sa take ɓoye shi tana kai masa abinci a sace, to ni ba na jin kunyarsa, mahaifiyarsa ma ba za ta ji ba. Ko da me ya dawo, namu ne. Raina a ɓace yake, Malama, kuma ba zan iya ci gaba da kallon tsohuwar nan tana addu'ar abin da nake da hotonsa a waya ba.

Don Allah, hannun wa ya miƙa miki ƙyallen nan?

Na gode, Allah ya saka da alheri.
Khairunnisa

Maiduguri

'Yata Khairunnisa,

Wushe, sannu da haƙuri. Ina gaishe ki, ina gaida mama. Ki yafe mini jinkirin amsa. Ba na fitar da maganar wanda ya ba ni ƙyalle sai da izininsa, don haka sai da na je Hausari tukuna. Yayarki ta karanta takardarki, sannan ta ce, “Mama Ketura, ki rubuta mata. Ni bakina ba zai iya ba.”

Ba na sayen gwanjo. Ni ma da ƙafa na baro garinmu a kudancin Borno, kuma zanen ƙanwata Rose yana kan baƙin gefen. Amma ban ji haushin tambayarki ba.

Hassana ce ta kawo rigar, bara bayan damina. Wani masunci mai suna Nuraddeen ne ya kai mata. Tare suka gudo da yayanki. Garzali ya samu rauni a ciki, ya yi tafiya iya ƙarfinsa, sannan ya cika a gindin wata bishiya. Nuraddeen da wasu mutane suka yi masa salla suka rufe shi. Kafin nan Nuraddeen ya cire masa rigar sama ya riƙe don ya nuna wa danginsa, amma gudun ya kai shi Nijar, ya yi shekaru a can. Da ya dawo ya bi Hausari yana tambaya gida-gida har ya same ta. Ya ce yayanki ya samu kalmar shahada. Hassana ta ce lallai in rubuta miki wannan.

Da na yanko aljihun na ɗauko baƙin yadi, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce, “Innarmu ba ta sani ba. Jiran nan shi ke tashinta da safe. In kika sa shi a gefe, wani zai gani ya kai mata.” Na ce mata ƙa'idata ke nan, ban taɓa karya ta ba. Ta zauna a kan tabarmata tana kuka har matan da nake koya wa ɗinki suka tashi suka ba mu wuri. Sai na ɗinka shi a tsakiya. Mun yi tunanin wanda zai gan shi a gefe, ba mu yi tunanin wadda za ta gan shi a tsakiya ba.

Abincin Juma'a wurinmu take kawowa. Matan nan yawancinsu ba su da kowa. Sadaka ce take yi masa.

An ɗauko bargon daga GRA, yana ɗakina. Ban taɓa aljihun ba. Ranar da ku biyu kuka ce in mayar da shi inda ya dace, zan farke in mayar.

Allah ya ba ku haƙuri, ya ƙarfafa mama.
Ketura

Kurna, Kano

Yaya,

Salam. Takardar Malama Ketura ta iso yau. Allah ya jiƙansa. Ki yafe mini abin da na zarge ki da shi.

Amma ta makara. Da na ji shiru daga gare ta, na nuna wa Inna hoton, na karanta mata abin da aka rubuta a ƙasa. Ta gane ganyen kafin in nuna mata. Ta yi sujada. Tun ranar take cin abinci sosai, ta sa an yi mata lalle, ta aike ni Kwari na sayo masa shadda. Ta gaya wa duk maƙwabta.

Mun riga mun yanki tikitin Asabar. Ki tarye mu a tasha, Yaya, ki zo da maganin hawan jini. Yanzu haka tana ƙofar ɗaki tana tambayata ko ya rame.

Khairi