Ciyawar Ruwan da Kika Bari a Ɗakin Baya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da karatun da ya ƙi ƙarewa. Allah Ya ƙara basira, Ya sa a gama mu ma mu huta da jin labarinsa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta ɗan yi sauƙi, Babban Yaya ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ni kuma keken ɗinkina ya iso, shi ne ma dalilin wannan takarda.

Kin san keke yana son ɗaki, ɗakin baya kuwa kin cika shi da robobin ciyawar ruwan nan taki mai cin ƙwari. Ranar da za ki tafi kin tsayar da ni a bakin ƙofa kina yi mini bayani kamar 'yar makaranta, cewa kowace 'yar jaka da ke jikin ciyawar tarko ce mai zuƙe ƙwaron ruwa, kuma a cikin tarkon akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, suna zaune lafiya suna taya ta narkar da abin da ta kama. Kika ce kududdufin da kika ɗebo su an cike shi an yi gini, babu irinsu a ko'ina, da su za ki kammala bincikenki in kin dawo. Na ji, Auta. Ni dai ruwa mai gansakuka nake gani, da wari. Makon jiya na tsiyaya musu maganin wanke banɗaki, da suka yi fari na kifar a kwata. Robobin na wanke, suna da kyau, ina ajiye yadi a ciki.

Saura batun Baba. Tun tafiyarki ba shi da aiki sai su. Kullum da safe zai ja sandarsa ya zuba musu ruwan saman da ya tara, ya zauna a gaban madubin nan naki mai ƙara girman ƙananan abubuwa yana leƙe, yana kiran kowa ya zo ya ga abin da ke motsi a cikin tarkon. Har suna ya raɗa wa wani mai juyi, wai Ɗan Rawa. Da ya shiga ya tarar da su sun yi fari, ya daɗe a tsaye, sannan ya tambaye ni ko ruwan da ya zuba ne ya yi yawa. Na ce masa mai yiwuwa, tunda hannunsa na rawa yanzu. Tun daga nan abinci sai an matsa masa, in wayarki ta shigo kuma ya ce a ce yana barci. Jiya ya roƙe ni in rubuta miki cewa ya ci amanarki, ki yi haƙuri da tsufa.

To kin ji. Kada ki kira ki tayar mana da hankalin gida, likita ya ce zuciyarsa ba ta son hayaniya, in ya ji 'ya'yansa na faɗa ke kika sani. Ki kira shi kawai ki ce kin yafe masa.

Gwaggo da Kawu Dogo suna gaishe ki, haka ma Babban Yaya da matarsa. Ki aiko mini da awonki in ɗinka miki riga.

Taki har kullum,
Yayarki