Macijin Shamsiya

Al Ras, Dubai
4 ga Maris, 2012

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne don maganar ba ta faɗuwa a waya, Shamsiya kullum tana gefena. Yaya, yarinyar nan ba ta warware ba. Tun rasuwar matata Wasila, mahaifiyarta, Shamsiya ta daina magana, abinci kuma sai ruwan shayi da lomar da na samu ta karɓa da magiya. Awarwaronta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Likita ya ce in ta ci gaba da ramewa kwantar da ita za su yi, su sa mata robar abinci ta hanci. An yi addu'a, an sha rubutu. Rabin yini nake rufe shago ina zaune ina kallonta.

Ranar Juma'a na fita da ita unguwar Karama ko za ta sha iska. Muka wuce wani shagon dabbobi, sai ta saki hannuna ta shiga. Ta wuce kyanwoyi da tsuntsaye, ta tsaya gaban akwatin gilashi mai 'ya'yan mesa biyu, irin ƙananan nan marasa dafi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Abba, ina so.”

Yaya, muryarta ce na ji.

Kin san ni da maciji, ko tsohuwar igiya na gani a tsakar gida sai na yi tsalle. Amma zan saya. Abin da ya tsaya mini shi ne wanne. Mai shagon ya ce ɗaya namiji ne, ɗaya mace. Macen tana ci sosai, amma za ta yi kauri kamar damtsena, ga falat ɗinmu ɗaki biyu. Namijin ba zai girma haka ba, sai dai yakan yi watanni yana ƙin abinci, kuma wannan tun da aka kawo shi bai ci komai ba. Maimuna matar maƙwabcina Labaran, wadda ke duba mini ita da rana, ta ce ko wanne ne ita ta bar shigowa.

Ki ba ni shawara, kaina ya kulle. Don Allah kada Inna ta ji.

Ƙaninki,
Mijinyawa


Al Ras, Dubai
2 ga Afrilu, 2012

Yaya Barira,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso ta hannun Alhaji Ɗalhatu, da dakakkiyar kuka da daddawa, na gode.

Kin ce in bar zancen maciji in turo miki Shamsiya Kano. Na gwada mata maganar. Ta shige banɗaki ta kulle har la'asar. A nan aka binne uwarta, Yaya, ba za ta tafi ba.

Na yanke shawara a kan macen. Na ce gara mai ci, ko da za ta cika ɗakin, don ba zan kawo wa yarinyar nan wani abin da zai sake mutuwa a gabanta ba. Muka koma shagon, na nuna macen, mai shagon har ya buɗe murfi. Shamsiya ta riƙe mini riga, ta nuna namijin da ke dunƙule a lungu, ta ce, “Shi ma ba ya ci. Babu mai sayensa.”

Na yi lallashi, mai shagon ma ya taya ni. Ta yi shiru, irin shirun da na sani. Namijin muka ɗauko.

Yanzu yana falo a akwatinsa, ni kuwa ta jikin bango nake wucewa. Ɓerayensa daskararru suna firij kusa da naman miya. Maimuna ta cika alkawari, ta daina zuwa.

Kwana kaɗan da kawo shi na dafa shinkafa da miya na ajiye mata kamar kullum. Sai na ga ta ɗauki farantin ta zauna gaban gilashin, tana kai loma baki a hankali, tana nuna masa yadda ake yi. Ta ci rabi. Na shiga kicin na kunna famfo don kada ta ji kukana. Tun ranar take ci, amma a gabansa kawai, tana yi masa hira ƙasa-ƙasa. Likita ya ce a dakata da batun kwanciya.

Shi kuwa har yau bai ci ba. Duk mako muna miƙa masa ɓera, ya kau da kai. Na ga ya fara ramewa, ita ma ta gani. Jiya ta tambaye ni ko zai mutu, na ce inshallah a'a, ta rage loma.

Yaya, ban san yadda za ki faɗa wa malaman unguwa ba. Ki ce musu kawai akwai marar lafiya a gidana da ya ƙi abinci. Su roƙa masa Allah ya buɗe bakinsa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Mijinyawa